Kyamarar Sana'a A Manchok: Bashin Wata-Wata Ko Jiran Ɗaukar Adashi?

MANCHOK, Jihar Kaduna — A kowace shekara, daga tsakiyar watan Nuwamba har zuwa makon farko na Janairu, sana'ar ɗaukar hoto kan yi kakarta a Manchok da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Kaura. A wannan lokaci ne amfanin gona ke shigowa gida, 'yan ƙasa da ke aiki a Kaduna da Jos da Abuja da Legas su dawo hutun Kirsimeti, a jera ɗaurin aure a majami'u kusan kowace Asabar, sannan a rufe da bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu. Matashin da ya gama koyon sana'a a hannun maigidansa, yake kuma son ya tsaya da ƙafafunsa, ya san cewa in waɗannan makonni suka wuce ba shi da kyamarar kansa, to, sai kuma baɗi.

Matsalar ita ce kuɗin. Kyamarar dijital irin wadda ake aikin biki da ita, ko da ta hannu ce, farashinta ya kai dubban ɗaruruwan Naira, alhali mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta amince da shi a watan Yuli na 2024 Naira 70,000 ne a wata. Ga kuma abubuwan da ba a rasa su: gilashin gaba, da filasha, da batir na biyu, da katin ajiyar hotuna, da jaka. Don haka hanyoyi biyu ne a gaban mai son shiga sana'ar, ko dai ya karɓi kaya yau ya riƙa biya wata-wata da ƙari a kai, ko kuwa ya yi ta tari har kuɗin su cika. Dattawa kan ɗauki zancen a matsayin na tarbiyya, su ce mai haƙuri shi ke dafa dutse, samari kuma su amsa da cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Amma in an zauna an yi lissafi, za a ga cewa abin da ke yanke hukunci shi ne watan da aka fara, da halin da Naira ke ciki a wannan lokacin.

Saye da biya kaɗan-kaɗan ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun da layin dogo ya haɗe a Kafanchan a 1927, reshensa kuma ya ratsa ta Kagoro da Manchok ya hau dutse zuwa Jos, aka sami rukunin mutanen da ke karɓar albashi a ƙarshen kowane wata, wato ma'aikatan jirgin ƙasa, daga baya malaman makarantun mishan da ma'aikatan asibiti da na En'e. Irin waɗannan ne 'yan kasuwa ke yarda su ba su keke ko rediyo ko keken ɗinki bashi, domin an san ranar da kuɗinsu ke zuwa, an kuma san ofishin da za a same su. Ita kanta dabarar daga wajen keken ɗinkin ta yi ƙarfi, kasancewar kamfanin Singer na Amurka ya fara sayar da kekunansa ta wannan hanya tun a 1856. Abin lura a nan shi ne an yanka wa tsarin riga ne daidai jikin mai albashi, har yau kuma ba a sake ɗinkin ba.

Dokar ƙasa ma a can baya aka bar ta. Dokar sayen kaya bisa haya da biya a hankali ta 1965 ta tanadi cewa in mai saye ya biya rabin kuɗin kaya, ko kashi uku bisa biyar in mota ce, mai kayan ba shi da ikon ƙwacewa sai ta hanyar kotu. Sai dai ban da motoci da makamantansu, dokar ta shafi kayan da kuɗinsu bai wuce Naira 2,000 ba ne kawai. A wancan zamani wannan kuɗi ne masu kauri, amma a shekarun nan ko katin ajiyar hotuna ba za su saya ba. Ma'anar haka ita ce mai sayen kyamara ba ya cikin inuwar wannan kariya, abin da ya sa wa hannu a takardar yarjejeniya shi ne madogararsa. In takardar ta ce za a ɗauke kaya bayan saɓa biya sau ɗaya ko biyu, to, yana iya wayar gari ba kyamara, ba kuma kuɗin da ya riga ya zuba.

Lissafin bashin kansa yana da ɗan rami da ba kowa ke gani ba. A ɗauka, domin misali kawai, kyamara da kayanta sun kama Naira 600,000. Mai sayarwa ya nemi kafin alƙalami na kashi 30 cikin ɗari, wato Naira 180,000, saura Naira 420,000 a biya cikin wata shida da kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari a kowane wata. In ana lissafa ruwan a kan asalin bashin ne, kamar yadda masu ba da irin wannan rance da yawa ke yi, kowane wata Naira 21,000 ne, wata shida ya zama Naira 126,000. Mai saye zai riƙa biyan Naira 91,000 a wata, a ƙarshe kyamarar ta tsaya masa a kan Naira 726,000. Ramin shi ne ko a wata na shida, lokacin da abin da ake binsa ya ragu ƙwarai, ruwan da yake biya bai ragu da ko kwabo ba. In aka auna da abin da ya rage a kansa wata bayan wata, ainihin ruwan ya kai kimanin kashi 8 cikin ɗari a wata, ba 5 da aka faɗa masa ba.

To, a juya lissafin ta ɗaya gefen. Wanda ke da Naira 180,000 a hannu, yake kuma iya fitar da Naira 91,000 duk wata, in ya tara su da kansa, cikin wata biyar zai haɗa Naira 635,000. Ya sami kyamara da ɗan canji, bai ba kowa Naira 126,000 ba. Wato duk abin da mai bashi ya saya da wannan ƙari shi ne wata biyar. Tambayar da ta kamata a yi ke nan: waɗanne watanni biyar ne?

In daga Nuwamba ne zuwa Maris, mai bashi ya kama kakar aure da Kirsimeti da sabuwar shekara, wataƙila har da Ista, kuma ba abin mamaki ba ne ayyukan makonni shida su biya masa ruwan bashin har da ribar kansa. Shi kuwa mai tari zai riƙe sabuwar kyamararsa a watan Afrilu, daidai lokacin da hankalin kowa ya koma ga sharar gona da kuɗin taki. Amma in daga Yuni ne zuwa Oktoba, labarin ya sauya baki ɗaya. Damina ta kankama, rumbu ya yi ƙasa, bukukuwa sun ja baya, in ban da walimar kammala karatu a makarantu wajen watan Yuli da ɗan abin da ba a rasa ba na suna da taron zumuntar mata. Mai bashi zai rataya kyamara a ƙusa yana neman Naira 91,000 duk wata daga wata hanya dabam, mai tari kuwa zai shiga kasuwa a Oktoba da kuɗinsa a aljihu, ya yi ciniki da ƙarfi, ya kuma tarar da kakar tana jiransa.

Wannan shi ne tushen rashin jituwar. Bashin yana tafiya ne da kalandar ofis, kuɗin Manchok kuma suna tafiya da kalandar gona. Manomin masara da dawa da acca da shinkafa ba ya ɗaukar mai hoto a watan Agusta, komai sonsa da hoto. Hatta kuɗin citta, waɗanda ke motsa kasuwannin kudancin Kaduna daga Kachia da Jaba da Kagarko har Kafanchan, a ƙarshen shekara suke fitowa, kuma a 2023 an ga yadda cutar da ta afka wa gonakin citta ta busar da aljihun yankin a shekara guda. Wanda ya ɗauki bashi a daminar wannan shekara da sa ran bukukuwan masu citta, ya tarar da kakar ba kamar yadda ya zata ba.

Akwai kuma haɗarin da ba ya shiga takardar kowace yarjejeniya. A watan Maris na 2014 an kai hare-hare a ƙauyukan da ke kusa da Manchok, inda aka rasa rayuka fiye da 100. A watan Disamba na 2016, ana gab da Kirsimeti, gwamnatin jiha ta kafa dokar hana fita ta sa'o'i 24 a ƙananan hukumomin Kaura da Jema'a da Zangon Kataf, aka kuma sake kafa irinta a Kaura da Jema'a a watan Maris na 2022 bayan harin da aka kai yankin Kagoro. A tsakani ga kullen annobar korona na 2020, wanda ya hana taruka a jihar na tsawon watanni. Sana'ar hoto sana'ar taro ce, duk ranar da aka hana mutane haɗuwa, ita ce ta farkon mutuwa. Mai tari in irin haka ta faru sai ya dakata, ko ma ya ci daga abin da ya tara ya rayu. Mai bashi kuwa ranar biyansa ba ta san da dokar hana fita ba.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka tari ba shi da nasa ɓarawon. Ba a ƙera kyamara a Nijeriya, da Dala ake shigo da ita, sabuwa ko ta hannu, don haka farashinta a Jos ko Kaduna ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja yana bin canji ne sau da ƙafa. A watan Mayu na 2023 ana sayar da Dala wajen Naira 460 a farashin gwamnati, wajen Naira 750 a kasuwar bayan fage. A watan Yuni Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 kuma Dala ta haura Naira 1,500. Wanda ya fara tari a farkon wannan zango ya ga abin da yake bi yana gudu fiye da shi, ya cika kuɗin da aka faɗa masa, ya je kanti aka ce kayan sun ninka. Wanda kuwa ya karɓi kaya a tsayayyen farashi a tsakiyar 2023, ko da ruwan ya yi tsada, shi ya ci riba, domin ya biya tsohon bashi da Nairar da ta riga ta rame. Waɗanda suka ga zamanin gyaran tattalin arziki na 1986, lokacin da aka fara gwanjon kuɗaɗen waje, ba su yi mamaki ba.

Ajiyar banki ma ba ta kare kowa ba a wannan lokaci. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sa hauhawar farashi a kan kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba na 2024, alhali ƙa'idar Babban Banki ita ce ruwan asusun ajiya kada ya gaza kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin ruwan da bankin ya tsayar. Da yake ma'aunin ya kai kashi 27.5 a ƙarshen wannan shekara, abin da mai ajiya ke samu bai fi kashi 8 da ɗoriya a shekara ba. Kuɗinsa na ƙaruwa a takarda, suna raguwa a kasuwa. Masu asusun gida kuwa sun sha tasu wahalar tun a farkon 2023, sa'ad da canjin takardun Naira ya tilasta wa kowa ya fito da abin da ya ɓoye ya bi layin banki.

A 2025 iskar ta sake juyawa. Naira ta ɗan natsu, ta yi ta kai da kawo tsakanin 1,400 da 1,650 a kan Dala, hauhawar farashi ta riƙa sauka bayan da hukumar ƙididdiga ta sabunta ma'auninta a watan Janairu, amma Babban Banki bai rage ma'aunin ruwa ba sai a Satumba, shi ma zuwa kashi 27 kawai. A irin wannan yanayi, farashin kaya na tsaye, ruwan bashi na sama, mai tari ne ke kan gaba. Shawarar da ta yi daidai a Yuli na 2023 ta zama asara a Yuli na 2025, ba tare da kyamarar ko garin sun canza ba.

Sai kuma batun wanda zai ba da bashin tun farko. Kamfanoni irin su Easybuy da M-KOPA sun yaɗa sayar da wayar hannu da biya kaɗan-kaɗan ga mutanen da ba su da albashi, domin suna iya kulle wayar daga nesa in aka saɓa biya. Kyamara ba ta kulluwa. Da zarar ta bar kanti ta shiga motar Kafanchan, mai ita ba shi da wata igiya a wuyanta, shi ya sa masu ba da ita bashi ke neman takardar albashi, ko mai tsayawa, ko kafin alƙalami mai nauyi. Hukumar lamunin masu saye, CREDICORP, wadda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a watan Afrilu na 2024, ita ma da ma'aikatan gwamnati ta fara. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da tsarin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa mutum da sananniyar riba a tsayayyen farashi, abin da ke kwantar wa Musulmi da dama hankali, sai dai su ma suna son ganin kuɗin da ke shigowa a kai a kai. Sakamakon haka, malamin makaranta da ke son kyamara domin aikin ƙarshen mako ya fi samun bashi cikin sauƙi fiye da wanda hoton ne kaɗai abincinsa. Shi wannan na biyun, in ƙofofi suka rufe, yakan faɗa hannun masu ba da rance ta manhajar waya, waɗanda hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai wa wasunsu samame a Legas a watan Maris na 2022, saboda tsawwala ruwa da kuma aika saƙonnin tozarci ga 'yan'uwa da abokan wanda ake bi. A gari irin Manchok, inda kowa ya san gidan kowa, irin wannan saƙo ya fi ƙwace kyamara ciwo.

Ƙananan bankuna sun fi kusa da talaka. Asalinsu bankunan al'umma ne da aka fara a 1990, na farkonsu ma a Tudun Wadar Kaduna aka buɗe shi, aka mai da su ƙananan bankunan lamuni bayan manufar 2005. Amma a watan Mayu na 2023 Babban Banki ya soke lasisin 179 daga cikinsu a faɗin ƙasa, abin da ya sa masu ajiya suka ƙara ɗari-ɗari, ko da yake a 2024 hukumar inshorar ajiya, NDIC, ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya a irin waɗannan bankuna daga Naira 200,000 zuwa Naira miliyan 2.

Shi ya sa mutane da yawa a karkara ba sa tara kuɗi da kuɗi. Sukan sayi buhunan masara ko dawa da kaka su ajiye zuwa bazara, ko su ɗaure akuya da alade, dabarar da ta yi aiki sosai a shekarun da farashi ke hawa. Ita ma ta nuna iyakarta a 2025, lokacin da farashin hatsi ya faɗi bayan da gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 a 2024, masu ajiyar buhuna da dama suka sayar ƙasa da yadda suka saya.

Ita kanta kyamarar ba kadara ba ce da ke jiran mai ita. Tun da wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko a 1975, sana'ar ke cin 'ya'yanta, har Kodak ɗin ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a 2012. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori kimanin miliyan 121, a 2023 ba su kai miliyan 8 ba, wayar hannu ta cinye kasuwar ƙananan. Mai hoton da a da yake cika fim mai hoto 36 ya kai wanki Jos ko Kaduna, yana da tabbacin cewa duk mai son hoto sai ya biyo ta kansa, yanzu yana gasa ne da wayar kowane ɗan biki. Hoton fasfo ma, wanda shi ne cefanen yau da kullum na ɗakunan hoto, ya ragu tun da cibiyoyin rajistar jarrabawa da na katin ɗan ƙasa suka koma ɗaukar fuskar mutum da na'urarsu. Abin da ya rage mai tsoka shi ne aikin biki, musamman bidiyo, shi kuma yana son kyamara mai kyau da kwamfutar tace hoto da wutar da za ta riƙe su, ga man janareta da ya yi tsada tun bayan cire tallafi a watan Mayu na 2023. Mai ƙaramin ƙarfi dai ta hannu yake iya saye, ita kuwa ba ta da garanti, kuma maƙullin ɗaukar hoton da ke cikinta yana da iyakar bugu, galibin ƙananan ana ƙiyasta musu kimanin sau 100,000. Wanda ya ɗauki bashin shekara guda a kan kyamarar da ta riga ta ci rabin ranta, yana iya gama biya a kan gawa.

Tsakanin hanyoyin nan biyu akwai ta uku wadda ta girme su duka, wato adashi, kuma in an duba da kyau ta haɗa su a ciki. Wanda ya yi ɗaukar farko ya karɓi bashi ne ba ruwa, wanda ya yi ta ƙarshe kuma tari ya yi ba riba. Mutum goma masu zubin Naira 60,000 a wata suna haɗa Naira 600,000 a kowane zagaye, daidai kuɗin kyamarar misalin da ya gabata, kuma zubin bai kai Naira 91,000 na mai bashi ba. Jinginar ita ce mutunci, uwar adashi ta san gidan kowa da majami'arsa ko masallacinsa, in kuma wata ya zo da matsala ana iya zama a yi magana, abin da ba a yi da manhajar waya. Haɗarinsa sananne ne, wani ya kwasa ya daina zubi, ko Naira ta faɗi kafin layi ya zo kan na ƙarshe.

Wahalar adashi ga mai hoto ita ce samun watan da ya dace. Ɗaukar Oktoba yake bukata, domin ya je Jos ko Kaduna ya zaɓi kaya, ya gwada su, ya saba da su kafin auren farko na Nuwamba. Amma a kowane rukuni manomi na son Mayu ko Yuni saboda taki, mai 'ya'ya a makaranta na son Satumba, 'yar kasuwa na son Nuwamba domin sarin kayan Kirsimeti, mai shirin aure kuma Oktoban nan yake hari, shi da zai ɗauki mai hoton aiki. A rukunin da ke fara zubi da sabuwar shekara, tun a zaman farko na Janairu ake raba watannin, ko da ƙuri'a ko da roƙo, lokacin da kuɗin kakar da ta wuce ba su gama ƙarewa a aljihu ba.